Wata Biyar Ke Nan Barci Ya Ƙaurace Mini

"Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 43, ina sana'ar hatsi a Gombe. Na ci bashi na tara masara da shinkafa, sai farashi ya karye, har yau ban gama biya ba. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini, wata biyar ke nan. Bayan Isha'i nakan zauna majalisa mu sha shayin Buzaye, in ci goro, in shiga gida wajen sha ɗaya. Da na kwanta sai lissafi ya taso, ina juyi ina duba waya har ƙarfe biyu ko uku. Bayan Asuba nakan koma in kwanta har takwas, a rumfa kuma gyangyaɗi ya yi ta ɗibata. Wani abokina ya karɓo mini ƙwayar diazepam a kemis. Da farko ɗaya takan kwantar da ni, yanzu wata biyu ina sha kullum, sai na haɗa biyu, kuma da nauyin kai nake tashi. Maiɗakina ta ce minsharina ya yi yawa, har numfashina kan tsaya in zabura, ta ce kuma na zama mafaɗaci. Ba ta san yawan bashin ba. Mahaifiyata ta ce hannu aka sa mini a kasuwa, tana so a kai ni wurin wani mai magani a ƙauye. Ni dai na gaji. Ina so in rabu da ƙwayar nan in koma na gargajiya ko na Musulunci. Yaya zan yi?"

Wani magidanci, Gombe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, sannu kuma da ɗawainiya. Wanda bai taɓa kwana ido biyu ba, gari ya yi tsit, kowa na gida ya yi nisa, shi kaɗai yana jiran kiran sallar farko, da wuya ya san nauyin da kake ɗauke da shi. Ga shi gari na wayewa sai ka fita kasuwa ka yi ciniki kamar kowa, ka yi fara'a da mai saye, ka haɗiye maganar mai bin bashi. Abin da ke damunka ciwo ne da likitoci suka sani. In mutum ya kasa barci aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, kuma abin yana taɓa harkokinsa na rana, sukan ce rashin barcinsa ya zama mai daɗewa. Yana da magani, kuma mafi yawan maganin ba na haɗiya ba ne.

Sai dai kafin mu je ga goro da shayi, akwai magana biyu a wasiƙarka da ka ambata kamar ba su da alaƙa, ni kuwa su suka fi tayar mini da hankali: ƙwayar da kake sha, da abin da maiɗakinka ta gani. Minshari mai ƙarfi wanda numfashi ke tsayawa a cikinsa har mutum ya zabura alama ce ta wata lalura da hanyar iska a maƙogwaro ke rufewa in barci ya yi nauyi. Iska ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci don ya ja numfashi, ya koma, abin ya sake faruwa, wani lokaci sau da yawa cikin awa guda, shi kuwa bai ma sani ba. Da safe ya tashi da nauyin kai, da rana ya yi ta gyangyaɗi. An fi ganinta ga maza masu irin shekarunka, musamman masu jiki ko kaurin wuya, kuma tana tafiya da hawan jini. Diazepam kuwa aikinsa ke nan ya saki tsokar jiki ya kuma rage saurin farkawa. Ka ga mai wannan lalura in ya sha shi, maƙogwaron ya ƙara saki, farkawar da ke ceto shi kuma ta yi jinkiri. Likita ne zai tabbatar ko kana da ita, amma tun da matarka ta gani da idonta, kada a ɗauki maganarta a matsayin ƙorafin mata.

Niyyarka ta rabuwa da ƙwayar daidai ce, amma don Allah kada ka yanke ta dare ɗaya. Irin wannan magani ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shansa saboda barci, domin jiki kan saba da shi, abin da ya sa ɗaya ta daina yi maka ke nan. Yana kuma daɗewa a jiki fiye da kwana guda, don haka wani ɓangare na nauyin kai da gyangyaɗin rumfa daga gare shi ne. Wanda ya yi wata biyu yana sha kullum, in ya tsaya kwatsam, rashin barcin kan dawo fiye da da, ga karkarwa, ga gumi da fargaba, wasu har farfaɗiya takan kama su. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan cikin makonni, likita na tsara yadda za a yi. Cikin wannan makon ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Ka tafi da katin ƙwayar a hannunka, ka faɗi gaskiyar yawan da kake sha, ka nemi a auna maka jini da suga. Ka tafi da maiɗakinka, domin ita ce shaidar abin da ke faruwa in ka yi barci, in ma da hali ta ɗauki sautin minsharin a waya likita ya ji. Kafin ka samu ganinsa, kada ka ƙara a kan abin da kake sha, kada ka haɗa shi da maganin tari mai sa maye ko tramadol ko Piriton, kuma ka riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine. Abokinka da alheri ya nufe ka, ba abin zargi ba ne, amma daga yau zancen ƙwaya ya bar hannunsa.

Yanzu ga barcin kansa. Bashi ne ya kore shi tun farko, wannan babu musu. Amma abin da ke hana shi dawowa bayan wata biyar har da dabarun da ka ɓullo da su don ka rama: komawa shimfiɗa bayan Asuba, gyangyaɗin rana, goro don ka wartsake, da daɗewa a kwance kana jiran barci. Jikin ɗan Adam yana tara buƙatar barci ne tun daga lokacin da ya farka, tana ƙaruwa har dare. Duk barcin da ka yi da hantsi ko da yamma, daga na dare ka zara. Sannan ƙwaƙwalwa tana koyo da maimaici. Dare ɗari da wani abu kana kwanciya a shimfiɗa ɗaya kana lissafin buhuna, yanzu ta haɗa wannan shimfiɗar da lissafi. Shi ya sa za ka ga barci na fizgarka a kan benci a kasuwa, amma kana sa haƙarƙarinka a katifa ido ya bushe. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Bootzin, ya tsara hanyar warware wannan sabo tun 1972, aka gina a kanta, har a 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ce gyaran ɗabi'a da tunani shi ne abin da za a fara yi wa mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a kai ga ƙwaya.

Abu na farko a wannan hanya shi ne tsayayyen lokacin tashi, kai kuwa Allah Ya riga Ya ba ka shi: Asuba. Abin da nake roƙonka, kuma na san shi ne mafi wuya, in ka dawo daga masallaci kada ka koma shimfiɗa, ko da awa uku ka samu a daren. Ka zauna ka yi azkar, ka karya, rana na fitowa ka fita ka taka na minti ashirin ko talatin. Hasken safiya shi ke saita agogon jiki, shi ke sa sinadarin melatonin, wanda ke kiran barci, ya fito a kan lokacinsa in dare ya yi. In rana ta yi maka nauyi, ga ƙailula, sunna ce kuma tana da amfani, amma ta minti ashirin zuwa talatin, tsakanin Azahar da La'asar, ka sa yaron rumfa ya tashe ka. Bayan La'asar babu kwanciya. Mako na farko za ka ji kamar abin ƙaruwa ya yi. A waɗannan kwanaki, in cin kasuwar Kumo ko Dukku ko Bajoga ya kama, kada ka tuƙa mota ko babur da kanka, ka shiga ta haya.

Da dare kuma kada ka kwanta don agogo ya ce lokaci ya yi, sai ka ji ido ya yi nauyi. In ka kwanta ka ga kamar minti ashirin sun wuce babu alamarsa, kada ka tsaya kokawa. Barci ba ya zuwa da ƙoƙari, iya matsa masa da ka yi iya wartsakewar da za ka yi. Ka tashi ka koma kan tabarma ko sallaya, a falo ko tsakar gida, cikin haske kaɗan, ka ja carbi ko ka saurari karatu a hankali. In ka ji ya fara fizgarka, ka koma. In sau uku abin ya kama a dare ɗaya, ka yi sau uku. Waya kuwa a bar ta a wani ɗaki tana caji. Haskenta matsala ne, amma abin da ke cikinta ya fi: farashin masara a rukunin WhatsApp na 'yan kasuwa, da duba lokaci kana cewa saura awa biyu a kira salla. Ladan zai tashe ka, ba ka buƙatar agogo a gefen kai.

Majalisa ba zan ce ka bar ta ba. Mutumin da ke cikin damuwa in ya rabu da abokan hira ya kulle kansa a ɗaki, damuwar ce za ta samu fili. Abin da ke cikin kofin ne za a canza. Shayin Buzaye da goro da Nescafe da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda sai bayan kamar awa biyar rabinsa ke barin jiki. Kofin da ka sha ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku rabinsa na nan yana aiki, kai kuma kana bin sa da ƙwaya don ta danne shi. Har wasu magungunan ciwon kai akwai shi a ciki, kamar Panadol Extra. Ka mayar da goro da shayi na safe, daga Azahar a rufe. Ka rage a hankali cikin mako guda ko biyu, domin wanda ya saba in ya yanke gaba ɗaya ciwon kai kan kama shi na 'yan kwanaki. A majalisa ka karɓi zoɓo marar sukari da yawa ko ruwan na'a-na'a, ka tashi wajen goma. Za su tsokane ka kwana biyu su bari. Tuwon dare ma a ci da wuri, kada a cika yaji da mai, saboda ƙwarnafi na cikin masu tayar da mutum tsakar dare.

Mu dawo kan bashin, don duk abin da na faɗa a sama zai yi rauni in aka bar shi yadda yake. Lissafi na zuwa maka da dare ne saboda da rana kana guje masa. Ka ba shi lokacinsa. Kullum bayan La'asar ka ɗauki littafi da biro na minti goma sha biyar: wa ke bina, nawa, me ya rage a sito, me zan iya biya wannan watan, wa zan kira gobe. In tunanin ya taso da dare, ka ce masa an rubuta, sai gobe. Da farko ba zai ji ba, a hankali yana ji. Sannan ka daina ɓuya wa masu binka. Ka samu dattijo a cikin shugabannin kasuwa ya raka ka, a zauna a tsara biya kashi-kashi, a rubuta, a sa shaidu. Su ma haƙƙinsu ne, kuma wataƙila wani na bin su, abin da ya fi ƙona musu rai shi ne shiru da kashe waya. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma umarci a rubuta bashi, duka biyun kariya ce gare ka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk wanda ya daɗe a harkar hatsi ya taɓa ganin shekarar da farashi ya juya masa baya.

Maiɗakinka fa? Ita ma ba ta barci, ga minshari, ga tsoron kada numfashinka ya tsaya bai dawo ba, ga faɗa da rana wanda ba ta san dalilinsa ba. Mace in ta ga miji ya canza bai ce komai ba, zuciyarta kan kai ta wurare da yawa, kuma yawanci inda take kaiwa ya fi gaskiyar muni. Na fahimci kana ɓoyewa ne don kada ka ɗora mata nauyi, da kuma kunya irin ta maza. Amma nauyin ta riga ta ɗauka, bayani ne kawai ba ta samu ba. Ba dole ka faɗi ko sisin kwabo nawa ne ba in kana ganin bai dace ba. Ka ce mata akwai bashi, ga yadda kake shirin biya, faɗan da kake yi gajiya ce, ka kuma ba ta haƙuri. Za ka buƙace ta a wannan tsari: ita za ta hana ka komawa shimfiɗa da safe, ita za ta riƙe wayar, ita za ta lura ko numfashin ya gyaru.

Hajiya kuma uwa ce ta ga ɗanta yana ramewa, dole ta nemi dalili, kada ka yi mata gardama a kan akwai sammu ko babu. Ka ce mata ka karɓi maganar neman tsari, za ka riƙe shi da kanka, ita kuma ta dage da addu'a, wadda ta fi ta kowane mai magani. Abin da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW) yana hannunka kyauta: alwala kafin kwanciya, kwanciya a gefen dama, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku, da tasbihin da ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali lokacin kwanciya, Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Akwai kuma addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi, ka nemi limaminku ya koya maka in ba ka haddace ba. Ka yi su a natse, don ibada da samun kwanciyar rai, kada ka riƙa leƙen ko barci ya zo bayan kowace aya, in ba haka ba sun zama wata kokawar. Inda nake jin tsoro shi ne wurin da za a ce kawo baƙin bunsuru da kuɗi kaza, a kuma nuna maka maƙwabcin rumfa a ce shi ne. Ka je da bashi da rashin barci, ka dawo da ƙarin bashi da gaba.

Na gargajiya da na Islamic kemis, ga yadda nake ganinsu. Madara mai ɗumi da ɗan zuma in ba ka da suga, shayin furen babunaj (chamomile), na'a-na'a, waɗannan ba su da illa ga yawancin mutane, kuma shan abu mai ɗumi a lokaci ɗaya kullum yana zame wa jiki alamar dare ya yi. Amma ƙarfinsu kaɗan ne, ba za su maye gurbin diazepam ba, ba kuma za su buɗe maƙogwaron da ke rufewa ba. Jiƙo ko gari da aka ƙulla a leda ba suna ba bayani, ka bar shi, musamman yanzu da wani magani ke jikinka, don ba ka san abin da zai haɗu da shi ba, kuma hanta da ƙoda ne ke biyan kuɗin. Ko mai lambar NAFDAC ne, ka karanta kwalin, sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Duk abin da za ka sha, ka nuna wa likita. Abin da na fi yarda da shi a wannan ɓangare ba a saya: in ka kwanta, ka ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, kamar sau goma. Sannan ka bi jikinka daga yatsun ƙafa zuwa fuska, kowane sashe ka ɗaure shi na daƙiƙa biyar ka saki. Sai an yi mako biyu ana yi kullum ake jin amfaninsa.

Zafin Gombe ma yana da nasa kason, musamman Maris da Afrilu in an ɗauke wuta. Jiki sai ya ɗan huce barci ke shiga. Ka watsa ruwa kafin kwanciya, in ɗaki ya yi zafi ka fito tsakar gida cikin gidan sauro, wanda ya fi hayaƙin maganin sauro a rufaffen ɗaki ga mai matsalar numfashi. Janareta kuwa a nesanta shi da taga da ƙofa, hayaƙinsa na kashewa cikin barci.

Akwai tambayar da nake so ka amsa wa kanka da gaskiya, saboda kalmar "na gaji" da ka rubuta. Shin abinci ya fita ranka? Abubuwan da ke faranta maka rai a da sun daina? Kana jin ba ka da amfani, ko tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka? In e, ka faɗa wa likita a wannan zuwan, kada ka jira ya tambaya, in kuma tunanin cutar da kanka ne, a ranar za ka gaya wa wani na kusa ku tafi asibiti tare. Ciwon damuwa yakan biyo bayan asara, yakan ɓuya a bayan rashin barci, kuma ana warkewa. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin taɓin hankali, su ne ma suka fi sanin yadda ake janye mutum daga irin ƙwayar da kake sha.

Ka samu takarda ka riƙa rubuta lokacin da ka kwanta, kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, da abin da ka sha a ranar. Da safe za ka cika ta, da ƙiyasi, ba da kallon agogo cikin dare ba. Ita za ka nuna wa likita, ita kuma za ta nuna maka canjin da ba za ka lura da shi ba, domin yawanci sai an yi mako huɗu zuwa shida ake ganin barci ya fara haɗuwa, kuma ko bayan nan za a samu daren da zai ƙi. In ka ga hakan, washegari ka tashi da Asuba kamar kullum ka ci gaba. Bayan wata ɗaya da rabi ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da likita ya ce game da numfashin, da yadda kuka ƙare da masu bin bashi. Allah Ya ba ka lafiya, Ya warware maka, Ya saka wa Hajiya da maiɗakinka da alheri.